Sandar Auna Ruwa a Gindin Giginya

Gaya, farkon Oktoba

Zuwa ga ƴata Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya aiki, yaya baƙunta, yaya marasa lafiyar da kike dubawa? Allah ya ba su sauƙi, ke kuma ya ba ki lada. Baffanki Labo da iyalinsa suna gaishe ki. Mu nan ƙalau muke, in ban da gwiwoyina, waɗanda yanzu rabin sallata a zaune nake yin ta.

Siddo direba na ba takardar. Zai kai ta Damagaram, daga can kuma sai ya samu mai zuwa Ngurti. Kin ce ƙauyen da aka kai ki aikin likita babu rezon waya. Ban ga abin kuka ba a nan. An sa ki lakwal don ki iya riƙe alƙalami, to ki riƙe shi. Tun babbar salla takarda ɗaya na gani daga gare ki, ita ma rabin shafi.

Jan ruwan damina ya janye bai yi mana ɓarna ba, alhamdu lillahi. Shinkafar fadama ta yi kyau, ta fara ɗaukar ciki. Abin da ya rage shi ne baƙin ruwa, wanda kogi ke kawowa bayan damina ta wuce. Zan sake faɗa miki ƙa'idar mahaifinki, Allah ya jiƙansa, don ku ƴan yanzu ba ku riƙe abin da aka bar muku. Sandar ƙarfen nan da ya kafa a bakin ƙorama, a bayan ganuwar ƙasar da ta kewaye gonakinmu, ya rubuta mata lambobi daga sifiri har ɗari. A ɗari ruwa yake haye ganuwa. Saboda haka in ya kai tamanin, a sa lauje, ko shinkafa ta nuna ko ba ta nuna ba. In bai kai ba, a bar ta ta ƙosa. Da wannan ya fi kowa samun shinkafa mai nauyi, don wasu tsoro ke sa su yanke ɗanya, rabinta ya tafi a ƙaiƙayi.

Tun rasuwarsa ni ke karanta ta, kuma matan fadama ni suke tambaya. Bibata, wadda gonarta ke can kusurwar ƙasa, ba ta wuce ƙofata ba tare da ta leƙo ba. Jikokinta marayu huɗu ke hannunta, gonar nan kuma ita ce abincinsu. Kin ga nauyin da ke kaina, ba wanda ya taya ni ɗauka.

Bana na yi wa sandar gyara. Gwiwa ba ta bari in ratsa taɓon bakin ƙorama kullum, ranar nan ma saura kaɗan in kife a ciki. Sai na sa Baffanki ya tumɓuke ta ya kafa ta a gindin giginyar nan, inda ƙasa take da tauri da ɗan tudu. Yanzu ina tsaye a kan ganuwa nake karantawa, ƙafata ba ta jiƙa. Ban bar shi ya yi aikin ganin dama ba. Na tsaya a kansa har ya binne ta daidai layin sifiri, kamar yadda take a da, ya zuba siminti. Ni da kaina na bi lambobin da jan fenti. Ya ce, "Yaya, ko marigayi ya tashi ba zai ce an taɓa ta ba." Na ce masa ya bar wasa da sunan mamaci.

Ki kula da salla a kan lokaci. Ki ci abinci, hoton da kika aiko duk wuya ne. Kada ki saba da ƴan aikin da ke kashe albashi a kan turare.

Innarki,
Ajuma

*

Ƙauyen aiki, bayan Ngurti, ƙarshen Oktoba

Inna,

Sallama. Motar rigakafi za ta koma Ngurti yanzu, direban yana ta danna mini oda, shi ya sa rubutun ya karkace.

Don Allah kada ki yi aiki da sandar Baba bana. Lambobinta ba gaskiya za su gaya miki ba. Gindin giginya ya fi bakin ƙorama tudu, na sani don muna yara a nan muke tsayawa in ƙorama ta cika. Da kuka kai ta can, sifirinta ya hau sama tare da ita. Kafin ruwa ya taɓa gindinta ya riga ya yi nisa. In kika jira tamanin, sai dai ki karanta ta daga cikin jirgi.

A mayar da ita raminta na da. In ruwa ya riga ya rufe wurin, to ku yanke da wuri, ki gaya wa Inna Bibata ita ma. Na hau tudun da ake samun rezo sau biyu don in kira ki, babu ko ɗigo, sun ce batiran eriyar ne suka mutu.

Ina gaida kowa.

Ikilima

*

Gaya, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Na tambayi lafiyarki ne don haka aka koya mini fara takarda, ko da wadda nake rubuta wa ba ta tambayi tawa ba. Gwiwoyin da ba ki tambaya ba suna nan yadda suke. Matar Baffanki ta sauka, an samu mace, uwa da ɗiya lafiya.

Na karanta ƴar takardarki. Na ɗauka umarni ne daga ofishin prefe. Wata uku ina jiran hannunki, abin da ya zo shi ne "kada ki yi" da "a mayar" da "ku yanke". Ko mara lafiya aka kawo miki, ai kya tambaye shi kwanan gida kafin ki caka masa allura. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne ki ce sandar mahaifinki ba ta faɗin gaskiya. Shinkafar da sandar nan ta tsare ita ta kai ki makarantar likita. Ban taɓa zaton za ki girma ki kira aikin hannunsa ƙarya ba.

Ni ma na shiga kolej, Ikilima, ba a kasuwa na tsinci karatu ba. Metir ɗaya santimetir ɗari ne ko a Gaya ko a Ngurti. Mai sayar da yadi in ya tashi daga rumfarsa ya koma wata, metir ɗinsa raguwa yake yi? Sanda ita ce dai sandar, ban rage mata ko ɗan yatsa ba. Sifiri kuma, wanda muke kira zero a lakwal, ai babu ke nan. Yaya babu za ta hau tudu? Na gaya miki mun binne ta daidai layin, amma kin karanta kamar ba ki karanta ba.

Mayar da ita ma ba zance ba ne, baƙin ruwa ya iso, raminta na da yana ƙarƙashinsa. Bana dai ruwan ya yi nawa, ya daɗe bai taɓa sandar ba, yau da safe talatin da biyar na karanta. Shinkafa ta sunkuyar da kai, ta fara ja, amma in ka latsa ƙwayar ƙasa har yanzu akwai nono. Kwana kaɗan take nema. In aka yanke ta yanzu an yi asarar wahalar damina a banza.

Mutanen Maigari sun yanke tasu tun makon jiya, kamar yadda suka saba, kowace shekara tsoro ke yi musu girbi. Jiya Bibata ta zo mini da lauje a hannu.

Ta ce, "Ajuma, ruwan nan fa yana lasar kusurwata. Ban son kallon da yake yi mini."

Na ce, "Bara ma haka kika ce."

Ta ce, "Bara hararata yake yi, bana kuwa murmushi yake yi, shi na fi tsoro."

Na ce, "Talatin da biyar ne. Tsakaninsa da tamanin akwai tafiya. Ki je ki rataye laujen nan kafin ki yanke kanki."

Ta yi dariya ta ce, "To, ke kika yi boko. In yaran nan suka kwana da yunwa, gidanki zan turo su."

Na ce ta turo. Ta koma gida hankalinta kwance. Kin ga amfanin mutum ya tsaya a kan abin da ya sani, ba ya bi kowace iska ba.

Na gaji, Ikilima. Tsaron tsuntsaye ya gajiyar da ni, hawan ganuwa ya gajiyar da ni, ba ni da ƙarfin gardama da ƴar da na haifa. In za ki sake rubutowa, ki zauna ki rubuta kamar mai uwa.

Innarki,
Ajuma

*

Ƙauyen aiki, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, ina kwana, ina gajiya, yaya gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ina taya Baffa Labo barka, Allah ya raya, a gaya mini sunan jaririyar. Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, nonon raƙumi ma na saba da shi. Ki yafe mini takardar da ta wuce. Tsoro ne ya sa na rubuta ta a tsaye, ba raini ba. Ban ce Baba ya yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Aikinsa daidai yake a inda ya kafa shi.

Gaskiyarki ne, Inna, metir ba ya raguwa. Amma mai yadi daga bakin yadin yake fara awo duk rumfar da ya koma. Da zai ɗora metir ɗinsa daga tsakiya, ke ce farkon wadda za ta kama hannunsa.

A nan muna auna jarirai da ma'auni mai ƙugiya, ana sa yaro cikin wani ɗan wando a rataye. Kullum da safe sai na rataye wandon babu kowa a ciki, in murɗa allurar ta koma sifiri. In na manta, nauyin wandon ya hau kan na yaron, sai in rubuta ya ƙaru alhali ramewa yake yi, in sallami uwarsa ba magani. Ma'aunin bai lalace ba, wurin farawar ne ya goce.

Sifirin sandar Baba ba yana nufin babu ruwa ba. Ko da rani ai akwai ruwa a kogi. Yana nufin ruwa ya kai daidai ƙasan bakin ƙorama, kuma daga wannan ƙasar ce ya auna ya ga kan ganuwa ɗari ne. Yanzu sandar tana farawa daga gindin giginya. Ban san yawan tudun ba, amma a idona ya kai gwiwar mutum. In haka ne, talatin da biyar ɗin da kika karanta ta kusa tamanin ɗin Baba, ko ma ta kai.

Ba sai kin yarda da ni ba. Ki gwada da hannunki. Ganuwa ta fi tsawo a wajen giginya inda kike tsayawa, shi ya sa kike ganin ruwa yana nesa. Ki aiki Baffa kusurwar Inna Bibata, inda ta fi gajarta, ya auna daga fuskar ruwa zuwa kan ganuwa. Baba santimetir ashirin ya bari tsakanin yanka da hayewa, wato kamar buɗin hannu ɗaya daga babban yatsa zuwa na tsakiya. In abin da ya rage bai wuce haka ba, ku sa lauje a ranar, ko da nono a ƙwayar.

Takardarki ta kwana biyu a hanya kafin ta same ni, ban san abin da ruwa ya yi tun lokacin ba. Ina ta addu'a. Na nemi izinin zuwa, majo, shugaban asibitinmu, ya ce ba mai riƙe mini wurin.

Ki gaida Inna Bibata da yaran.

Ƴarki mai neman gafara,
Ikilima

*

Gaya, farkon Disamba

Ikilima,

Assalamu alaikum. Muna raye, ba wanda ya rasa ransa. Ban ga amsarki ba har yanzu, ban sani ba ko fushi kike yi ko hanya ce ta riƙe ta. Ba zan iya dogon rubutu ba, hannuna duk yankan ganyen shinkafa ne.

Ruwa ya shiga ranar Juma'a, maza suna masallaci. Da safen na karanta hamsin da takwas, na dawo gida na ɗora tukunya. Babbar jikar Bibata ce ta shigo da gudu ba ko sallama. Kafin in ja ƙafata in isa, ruwan ya haye ta kusurwarsu, ya ci ganuwar ya buɗe ƙofa, yana zuba kamar an kwance shi. Mata muka shiga da laujuna, ruwa a cinya, kafin la'asar ya kai ƙugu. Da aka sauko daga masallaci masunta suka kawo jirage biyu, muna yanka muna jefawa a ciki. Abin da hannu ya kai an ɗebo. Abin da bai kai ba yana ƙasa.

Gonarmu ta ƙasa ta tafi. Ta tudu mun tsirar da ita, Baffanki da ƴaƴansa sun gama yanke ta washegari. Ta Bibata kuwa ita ruwan ya fara ci, kuma can ya fi zurfi. Abin da aka fitar mata bai cika jirgi ɗaya ba, shi ma ya jiƙe.

Da muke fitowa na ɗaga kai na dubi sandar. Jan fentin yana nan tas, tamanin tana can sama a bushe, ko feshi bai taɓa ta ba.

Gwiwar dama ta kumbura, ba ta lanƙwasuwa. Ki yi mana addu'a.

Ajuma

*

Gaya, ƙarshen Disamba

Zuwa ga ƴata Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da ke da abokan aikinki. Jaririyar Baffanki sunanta Salima. Kumburin gwiwa ya ɗan sauka, ina takawa da sanda zuwa ƙofar gida.

Takardarki ta ƙarshen Nuwamba ta iso shekaranjiya. Siddo ya ce a tashar Damagaram ta kwanta, wanda aka ba ya manta da ita a aljihun mota. Ban yi masa faɗa ba, ba ni da sauran faɗa. Na karanta ta sau biyu. Ta yi tsari, haka ake rubuta wa uwa. Abin da ke ciki kuma na fahimce shi, ko da yake ruwa ya riga ki yi mini bayanin. Ba zan ce da ta zo da wuri da na aiki Baffanki ya auna ba. Wataƙila da na aike shi, wataƙila da na ce sai gobe. Allah kaɗai ya sani.

Baffanki ya so ya fasa simintin ya jefar da sandar in ruwa ya janye. Na hana. Ba ita ta tumɓuke kanta ba. Yanzu dai mun san a inda take ruwa yana haye ganuwa kafin sittin. In an gyara kusurwar da ta ɓalle, tsawon ganuwar ma zai sake, sai an sake awo daga farko. Wannan aikin rani ne, in Allah ya kai mu, kuma ba ni kaɗai zan yanke shi ba.

Shinkafar da muka tsamo mun shanya ta a kan tabarmi, rabi ta yi baƙi, wata ta tsira a zangarniya. Kaji ma sai sun yi tunani kafin su ci. Mutanen Maigari ba su ce mini komai ba, gaisuwarsu ce dai ta ƙara tsawo, kowa sai ya tsaya ya tambaye ni ya aka ji da ruwa. Ina amsawa.

Bibata ba ta turo yaran ba. Na jira, ba ta turo ba, ita ma ba ta leƙo ba. Da aka gama sussukar gonar tudu na sa aka raba ta biyu daidai, aka ɗora rabi a amalanke, na bi shi a baya da sandata. Na same ta tana tsince ƙwayar da ta tsira daga cikin wadda ba ta tsira ba, yaran suna taya ta.

Ta dubi amalanken ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Taki ce."

Ta ce, "Ajuma, ni ban ce ke kika kawo ruwa ba. Ruwa na Allah ne."

Na ce, "Ruwa na Allah ne. Laujen kuwa yana hannunki, ni na ce ki rataye shi."

Ta ci gaba da tsintar abinta. Can ta ce, "Gidanki fa? Ku ma baki gare ku."

Na ce, "Ban zo shawara ba. Ki nuna musu inda za su sauke, ƙafata ba ta son tsayuwa."

Ta tashi ta buɗe musu ɗaki. Ba ta yi godiya ba, ni ma ban so ta yi ba. Da zan tafi ta rako ni har bakin zaure, ta riƙe mini gwiwar hannu a wurin tsallake dokin ƙofa. Ta ce, "Baɗi in idona ya ce mini yanke, zan yanke, ko lambarki ta ce me." Na ce, "Ki yanke."

Saboda haka kada ki sa rai da shinkafar gida bana, ki sayi ta kanti ki ci da haƙuri. Kada kuma ki aiko mini da komai, albashinki bai kai ya riƙe gida biyu ba, kuma ban roƙa ba. Abin da ya rage a rumbu zai kai mu azumi in an rage hannu a tukunya. Na riga na fara ragewa.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a inda kike.

Innarki,
Ajuma